Shekara Guda da Sola a Shagon Hotokofi: Abin da Masu Aikin Suka Iya da Inda Suka Gaza

Ranar da mai aikin sola ya fara zuwa shagona, bai hau rufi ba, bai kuma yanka mini kuɗi ba. Wata 'yar na'ura ya ciro daga jaka, girmanta bai wuce sabulun wanka ba, ya soka ta a bango, ya soka wayar injin hotokofi a jikinta, ya ce, "Hajiya, a bar ta nan har jibi. Ku yi aikinku yadda kuka saba, kada ku rage komai don ni." Da jibin ta zo ya mayar da ita kan firigo, daga nan kan kwamfutoci, daga nan kan injin manna leda. Sai da aka yi kwana tara ana wannan yawo kafin ya kawo mini takardar farashi. A lokacin raina ya ɗan ɓaci, don na ƙagu. Yau kuwa in aka ce in faɗi abin da ya fi mini amfani a cikin duk aikin da kamfanin nan ya yi mini, kwana taran nan zan nuna.

Shagon nawa a nan Zindar yake, muna buga takardu, muna hotokofi, muna ɗinke kundi. Yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar André Salifou ne, sai malaman makaranta da masu haɗa takardun neman aiki. Mu huɗu ne a ciki: ni, da 'yan mata biyu masu bugu, da ɗan yayana mai kula da injin. Duk wanda yake garin nan a watan Agustan 2023 ya san halin da aka shiga lokacin da Najeriya ta yanke kuran bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar. Wutar da yankinmu ya dogara da ita ta layin Katsina take shigowa, ta bi Gazawa, kuma ba ta dawo ba sai a Maris na 2024, bayan an janye takunkumin da aka sa wa ƙasar saboda juyin mulkin. A waɗannan watanni gurup, wato injin ba da wuta mai shan esansi, shi ne ya zama abokin zamanmu. Tun ƙarfe takwas na safe yake ruri a ƙofar shago har la'asar sakaliya. Mai sayar da magani da ke maƙwabtaka da mu ya yi haƙuri har ya gaji, ɗaya daga cikin 'yan matan kuma kullum da ciwon kai take komawa gida. Daga baya na gane ba gajiya ba ce kawai. Hayaƙin gurup yana ɗauke da wata iska marar wari marar launi wadda take hana jini ɗaukar iskar numfashi, mu kuwa iska ta kan koro mana shi har cikin ɗaki. Tun daga wannan lokaci na fara tara kuɗi a adashi da niyyar rabuwa da shi.

Kafin in kai ga masu aikin solar nan, wani mai shago a kasuwa ya riga ya yi mini lissafi a tsaye, ko shagon bai gani ba. Ya ce fanno goma, wato farantan hasken rana, da manyan batura takwas na ruwa. Kuɗin da ya kira sai da na nemi wurin zama. Wata ƙawata da aka yi wa aiki a ɗakin shan maganinta ce ta ba ni lambar waɗannan ɗin. Matasa ne uku, babbansu ya yi karatun lantarki, suna da ɗan ofis da mota mai buɗaɗɗen baya.

Da ya gama awonsa ya zaunar da ni ya nuna mini takarda, layi-layi. Dogayen fitilu shida da muke kunnawa tun safe, kowace tana jan wat 36. Fankar sama uku, kowace wat 75. Kwamfutocin tebur uku, tsofaffi, kowace da allonta tana wuce wat 100, kuma ba a kashe su ko an tafi salla. Firigon da nake sa ruwan leda a ciki, robar bakin ƙofarsa ta saki, injinsa ba ya hutawa dare da rana, shi kaɗai yana cin kusan kwata na duk wutar shagon. Injin hotokofi kuwa, lokacin da yake ɗumama kansa yana haura wat 1,300, sannan ko ba a aiki da shi yana ta jan wuta don kada ya huce. Sai kuma abin da ban ma san yana faruwa ba: ɗan yayana yana da wani ƙarfen dafa ruwa da yake tsomawa a kofi ya haɗa shayi sau uku a wuni, wat 1,500 a tashi guda.

Ya ce mini, "Hajiya, in na sa miki fanno a kan wannan lodin, kuɗinki za ki kashe wajen ciyar da ɓarna. Mu fara toshe inda tulun yake yoyo, sannan mu ga ruwan da za a ɗebo." Na ce, "Ɗana, ai kai fanno kake sayarwa, in na rage lodi cinikinka ne ya ragu." Ya ce gara ya sayar mini da huɗu su yi aiki da ya sayar da goma in dawo ina zaginsa bayan wata shida.

Abin da aka yi ke nan. Aka cire dogayen fitilu aka sa ƙwai shida na zamani masu wat 12, haskensu ma ya fi na da. Aka canza fankoki da irin waɗanda ba sa wuce wat 30. Kwamfutocin tebur biyu na sayar da su, na sayo na hannu guda biyu, na gwanjo, daga Kano. Kowace ba ta kai wat 45 ba, kuma tana da batirinta, ko wuta ta ɗan yanke aikin ɗalibi ba ya ɓacewa. Ta ukun na riƙe saboda aikin zane. Firigon na fitar da shi gaba ɗaya, na koma randa biyu a lungu, ruwansu da sanyi daidai sha. Shayi ya koma kan ɗan murhun gas a waje. Injin hotokofi ne kaɗai ba a taɓa ba, don shi ne jarin shagon, amma ya nuna wa yaron inda ake saita shi ya yi barci bayan minti biyar in babu aiki, ya kuma ba da shawara a riƙa tara manyan ayyuka, irin kundi mai shafi ɗari uku, a yi su tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe uku lokacin da rana take tsaka. Ƙananan takardu masu launi kuma a fitar da su a ƙaramar firinta mai tawadar ruwa, wadda ba ta da abin ɗumamawa, cinta kaɗan ne ƙwarai. Da aka sake awo, abin da shagon ke ci a wuni ya sauko daga kilowat-awa 13 zuwa ƙasa da 7, kuma ko fanno ɗaya ba a ɗora ba tukuna.

Akwai wani abu da ya faɗa wanda ya tsaya mini a rai. Ya dubi rufin kwanon da ƙofar gilashin da ke kallon yamma, ya ce zafin da muke kora da fanka mu muka gayyato shi. Gaskiya ya faɗa. Ni a Birni na tashi, a gidan kakata na ƙasa, katanga mai kauri, soro mai tsawo, 'yar taga can sama. Ko a tsakiyar bazara in ka shiga zaurenta sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Magina na da sun san rana sun san iska, mu muka bar wannan muka koma siminti da kwano, sannan muke biyan kuɗi kowane wata don mu huce. Ba zan iya rushe shagon haya ba, amma na je wurin mai gidan na ce, "Alhaji, Allah ya ja kwana, ina neman izini in buɗe 'yan kafofi biyu a saman bango in kuma yi rumfa a ƙofa." Ya amince. Aka fasa kafofin aka sa musu raga, aka kafa rumfar zana a yamma, na dasa bedi biyu a gabanta. Bedin har yanzu ƙanana ne, ba su fara ba da inuwa ba, amma rumfar kaɗai ta sa bayan azahar ana iya zama kusa da ƙofa.

Kayan da suka ɗora a watan Oktoban 2024 su ne fanno huɗu masu wat 550 kowane, da inbata mai haɗa rana da batir da wutar gari, da batirin lityum guda ɗaya mai ɗaukar kilowat-awa 5. Ya hana ni batirin ruwa, ya ce zafin garin nan yana cinye shi da wuri, kuma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, shi kuwa lityum ana iya cin mafi yawansa ba tare da an lalata shi ba. Duka da ƙarafa da wayoyi da ladan aiki, sefa miliyan 1 da jikka 550. Fitilu da fankoki da kwamfutoci da rumfa suka ci wata jikka 340, bayan na cire abin da na samu daga sayar da tsofaffin kaya.

Aikin hannunsu mai tsabta ne, wannan ba zan rage musu ba. Fannonin sun fuskanci kudu da 'yar karkata kaɗan, kuma sun ɗaga su daga kwanon kamar taƙi guda don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Ya ce fanno haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi, duk digirin da ya hau sama da 25 sai wani ɗan kaso ya tafi. Wayoyi duk a cikin bututu suke, ba wadda take lilo. Sun haƙa rami suka binne sandar ƙarfe, suka zuba gawayi da gishiri, suka sa abin kariya daga tsawa. A damina an yi wata aradu da dare wadda ta ƙone talabijin a gidaje biyu na layinmu, ni da safe na tarar da komai lafiya. Inda suka huda kwanon ma sun toshe shi da kyau, ko ɗigo ban gani ba. Wata riba da ban yi tsammani ba ita ce gefen rufin da fannonin suka rufe ya daina turo zafi kamar da.

Amfanin ya bayyana sosai a watan Maris na 2025, cikin azumi, lokacin da esansi ya yi ƙaranci a ƙasa. Ga matatar mai ta SORAZ nan a arewacinmu tun 2011, amma a makonnin nan layin babura a gidajen mai sai wanda ya gani. Da ina kan gurup da rufe shago zan yi, ko in tura yaro ya wuni a layi da azumi a bakinsa. Mu kuwa aiki muka yi ta yi, har masu shagunan da ke kusa suna kawo wayoyinsu caji. Lissafina mai sauƙi ne. A da, esansi da baƙin mai da gyaran gurup da faktir, wato kuɗin wutar gari, suna cin mini wajen jikka 70 a wata, ko bayan da aka sauko da lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024. Yanzu faktir ɗin ba ya wuce jikka 9, gurup kuwa sau huɗu na tayar da shi a shekarar nan. In abin ya ɗore haka, kafin shekara uku kuɗina sun dawo. Kowace lita ta esansi da aka ƙona tana sakin fiye da kilo 2 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ni kuwa akwai ranakun da nake ƙona lita biyar. Amma abin da na fi ji a jikina shi ne shiru. Yanzu ɗalibi yana karanta wa mai bugu gyaransa da murya ƙasa-ƙasa tana jin sa, yarinyar nan ta daina riƙe kai, maƙwabcina kuma ya dawo da kujerarsa ƙofar shago.

To, yanzu ga inda suka gaza, kuma dole in faɗa don mai niyyar kiransu ya shirya.

Na farko alƙawari. Sun ce aikin kwana biyu ne, ya ci kwana biyar, saboda sun haɗa ni da wani aiki a Mirriya ba su gaya mini ba. Wuni biyu cur shago a buɗe, wayoyi a ƙasa, ba aiki ba ciniki. Da sun faɗa tun farko da na tsara kaina.

Na biyu ya fi ci mini rai, don rashin bayani ne daga mutanen da na yaba wa bayani. Ba wanda ya ce mini komai game da ƙura. Da hunturu ya kankama a Disamba, sai na ga batirin ba ya cika, ƙarfe huɗu ya fara kuka. Na ɗauka kayan ne jabu, har na kwana biyu ba barcin kirki. Da na kira, sai ya tambaye ni yaushe rabon da a wanke fannonin. Ba a taɓa wankewa ba, wa ya ce a wanke? Da yaron ya hau ya tarar da ƙura ta yi musu lulluɓi, kana iya rubuta sunanka da yatsa. Aka wanke, washegari lambar da ke jikin inbata ta tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mutumin da yake aiki a Damagaram ya san hazonmu, ya kamata wannan ya zama magana ta farko da zai yi ranar miƙa aiki. Sannan ba su bar wurin taka ƙafa a rufin ba, duk hawan da yaron zai yi sai gabana ya faɗi. Sai da na kira mai walda ya yi matakala da 'yar hanya, jikka 25 daga aljihuna. Ga kuma ruwa, wanda kowa ya san yadda yake a garin nan, a wurin 'yan ga-ruwa muke saye. Yanzu mun koyi dabara: da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, a fara kakkaɓe ƙurar da tsumma mai laushi a kan doguwar sanda, sannan a bi da rabin bokiti. A hunturu duk kwana huɗu, a sauran shekara sau biyu a wata. Ragowar ruwan bedi ke sha.

Na uku, sun kafa inbata da batir a ɗan sito na baya, inda ba taga. A Afrilu, da zafi ya haura digiri 42, sai inbata ta fara ɗauke kanta da tsakar rana, daidai lokacin da aiki ya fi yawa. Na kira ranar Litinin, ba su zo ba sai Alhamis. Da ya zo ya shiga siton ya fito yana share gumi, ya ce, "Hajiya, wannan kuskurenmu ne, ki yi haƙuri." Suka fitar da kayan zuwa bangon gabas kusa da kafar iska, ba su karɓi ko dala ba. Amsa laifin ya wanke mini rai, amma kwana ukun nan na rasa ciniki, kuma mutumin da ya hana ni batirin ruwa saboda zafi bai kamata ya kulle mini lityum a tanda ba.

Batun garanti kuma a kula. Da baki ya ce batirin shekara biyar, da takarda ta zo bayan wata biyu ina ta bibiya, shekara biyu na gani a rubuce. Na koma ofishinsu na zauna har sai da aka gyara aka buga hatimi. Duk wanda zai yi aiki da su, kada ya biya kashin ƙarshe sai takardar tana hannunsa, da lambar jikin kowane kaya a rubuce.

Duk da haka, in 'yar'uwata ta tambaye ni, zan ba ta lambarsu, kuma na riga na ba mutum uku. Mai shagon ɗinki, mai ɗakin shan magani, ƙaramin ofis, makaranta mai 'yan azuzuwa, duk wanda aikinsa na rana ne, waɗannan matasa za su yi masa abin da ya dace da aljihunsa. Wanda yake son na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki, ko mai manyan firiza na ƙanƙara, lissafinsa daban ne, kuɗinsa ma daban, kada ya auna da nawa. Wanda kuma ba shi da haƙurin kwana tara na awo, ko ba ya son a ce masa ya rabu da firigonsa, zai ga kamar suna ja masa rai.

Abu ɗaya ya rage tsakanina da su wanda ba mu warware ba. Ina da tsofaffin baturan ruwa guda biyu na ƙaramar inbatar da nake amfani da ita a da, ga kuma dogayen fitilun nan shida. Na tambaye shi ina za a kai su, ya ce in sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Na san abin da ake yi da su: a fasa batirin, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili, yara suna wasa a gefe. Dalma guba ce da take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, fitilun kuma akwai zaiba a cikinsu, in sun fashe ta fita. Na ce masa ba zan kori hayaƙi daga ƙofata in je in zuba guba a ƙofar wani ba, kuma su da suke cire irin waɗannan kaya kowane mako su ya kamata su nemo inda ake karɓarsu. Ya ce zai bincika wurin wanda yake kawo musu kaya. Wata huɗu ke nan. Baturan suna nan a sito a kan katako, fitilun na naɗe su a kwali na ɗora a saman kanta inda hannu ba ya kaiwa, kuma ranar Asabar da zai zo duba wayoyi zan sake tambayarsa.